Huɗu Ake So, Ɗaya Mace

Port St Johns,
Ranar Talata.

Yaya Khanyiswa,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da surukarki Mama MaMpinga da mutanen gidan duka, har kaji. Ina fatan mijinki Gcobani yana aiko da labari mai daɗi daga mahaƙar da yake aiki. Na gama gaisuwa, yanzu ki saurare ni.

Ashe ke ce macen. Kowa a bakin kogi ya sani, har masu sayar da ayaba, sai ni da muka sha nono ɗaya.

Kin san tun bara waccan mu huɗu muke horo: ni da Mlamli da Zolisa da Dumile. Mun hau tsaunukan nan da jakunkuna cike da yashi. Mun tuƙa kwale-kwalen masaukin da nake aiki a kan kogin Mzimvubu har tafin hannunmu ya ɗuri ruwa. Mun yi ta lallaɓa mai masauki yana ba mu aron kekuna. Duk don me? Don tseren jejin nan da baƙi ke zuwa daga Durban da Johannesburg suna yi a ƙasarmu, ƙafa da keke da kwale-kwale, kwana da kwanaki, taswira da kamfas a hannu, mu kuma muna tsaye a gefe muna nuna musu inda ruwa ba zurfi. Muka ce bana sai an ga 'yan gida a ciki.

Da takardar dokoki ta iso, ni aka miƙa wa, tunda ni ne mahaukacin da ke kwashe littattafan da baƙi ke mantawa a ƙarƙashin gado yana karantawa. Da bakina na karanto musu: kowace ƙungiya mutum huɗu ce, ba uku ba, ba biyar ba, kuma dole a sami mace aƙalla ɗaya, in ba haka ba ku yi ta gudunku don motsa jini, ba mai sa ku a lissafi. Har dariya na yi. Ban tsaya na ƙirga mu ba.

Shekaranjiya Mlamli ya tara mu a rumfar kwale-kwale. Ya ce, "Mvuzo, kai ka fi mu gudu."

Na ce, "Sai yau ka sani?"

Ya ce, "Matsalar kenan. Doka ta ce kada ɗaya ya ɓace wa sauran da gani. Kai sai ka tsere ka bar mutane, ka hau dutse ka zauna, in sun iso ka ce da su kunkuru."

Na ce, "To ba kunkurun ba ne?"

Zolisa ya ce, "Ka ji ko?"

Na waiwaya wajen Dumile, wanda muka yi kiwon awaki tare tun ba mu da wando. Yana can yana kankare laka daga takalminsa kamar a nan abincinsa yake. Ko ɗagowa bai yi ba. Sannan Mlamli ya faɗi sunanki.

Kin san abin da suke kiran mace a gasar nan? Wani baƙo ya gaya mini yana dariya: kayan dole. Kamar fitila da usur da akwatin magani, abin da ake dubawa a jaka kafin a bar ku ku tashi. Wannan kujerar kika karɓa, kuma a kan gurbina aka dasa ta. Ke da kike gidan miji, me ya rage miki da za ki zo ki ƙwace abu ɗaya tak da na taɓa ginawa da ƙafafuna?

Ki ba direban akori-kura amsa, yana dawowa ta wajenku ran Alhamis.

Ƙaninki, in har yanzu ana lissafawa da ni a wani wuri,
Mvuzo.

*

Mtambalala,
Ranar Alhamis.

Ƙanena Mvuzo,

Na karɓi gaisuwarka, kuma kajin suna amsawa. Muna lafiya, sai godiyar Allah. Ina fatan kana cin abinci, don wasiƙarka ta yi kama da ta mai jin yunwa.

Ban je neman gurbin kowa ba. Mlamli ne ya tare ni a hanya ina kan keke, na fito daga duba marasa lafiya gida-gida. Na ce masa kada a cire kowa saboda ni. Ya ce cirewa kam dole ce, ko ni ko wata Baturiya da za a aro daga Durban wadda ba ta jin ko gaisuwarmu. Ban san kai za a cire ba sai da aka gama. Da na sani da zan yi jinkiri. Ba na ce da zan ƙi ba, don ba zan yi maka ƙarya ba.

Ka tambayi abin da ya rage mini. Wa ya koya maka riƙe filafili a jirgin fiton Baba, lokacin da kake kuka in ruwa ya taɓa maka gwiwa? Na yi fito da mutane da buhunan masara kafin ka iya ɗaura igiya. Yanzu kullum ina hawan tuddan nan da jakar magani a baya. Tun ina yarinya nake son in ga inda ƙarfina yake ƙarewa, ba wanda ya taɓa tambayata sai Mlamli. Baƙonka ya kira ni abin da ya ga dama.

Abu ɗaya nake roƙo. Gcobani ya yarda, har ya fi ni zumuɗi, amma Mama ba ta sani ba tukuna. Ka san ba amarya ce ke buɗe irin wannan magana a gidan miji ba. Ɗanta ne zai zauna da ita ya nemi izini, kuma yana zuwa ƙarshen wata. Mama mace ce mai fahimta in aka bi ta ƙofa. Kafin nan ka riƙe bakinka, in yana riƙuwa.

Ka yi fushinka, kana da gaskiyar yin sa. In ka huce ka zo ka ci umngqusho, na san can ba mai dafa maka masara da wake yadda kake so.

Yayarka,
Khanyiswa.

*

Mtambalala,
Ranar Laraba.

Mvuzo,

Ina gaishe ka. Muna nan.

Jiya Mama ta dawo daga karɓar kuɗin tsofaffi a gari. Ko ledar sukari ba ta sauke ba ta kira ni tsakar gida. Ta ce a cikin layi, a gaban matan cocinmu, aka gaya mata cewa amaryar gidanta za ta kwana a daji da maza uku cikin bargo ɗaya. Ta ce matan ba su yi dariya ba, shiru suka yi, kuma shirun ne ya fi yi mata ciwo.

An kulle kekena a rumbu. Aiki da ƙafa nake zuwa, ƙanwar Gcobani tana raka ni kamar mai gadi. Ɗankwalin da aka ba ni izinin ɗagawa tun bara an ce in mayar da shi ƙasa har gira, kamar makon da aka kawo ni. Gcobani ya aiko cewa da magana ce ta cikin ɗaki da ya gyara, amma tunda an kunyata uwarsa a bainar jama'a ba zai tsallake maganarta ba. Ban ga laifinsa ba.

Ka gaya wa Mlamli ya nemi wata.

Mama ta ce ɗan gidanku ne ya faɗa. Gidanmu akwai 'ya'ya da yawa in aka haɗa da na baffanni. Ba dalili nake tambaya ba. Ina son in gani da rubutun hannunka: kai ne?

Khanyiswa.

*

Port St Johns,
Ranar Asabar.

Yaya,

Ina gaishe ki. Ina fatan kina lafiya, duk da na san ba ni da bakin yin wannan fata.

Ni ne.

Na fara wata wasiƙa kafin wannan, cike da hujjoji: cewa ai gaskiya na faɗa, cewa ko ba ni ba za ta ji, cewa ku kuka fara. Tana da kyau ƙwarai, kin san na iya jera magana. Na kunna murhu da ita.

Ga yadda aka yi. Na fito sayo wa masauki burodi, sai na ji ana kirana daga layin tsofaffi. Mama ce. Ta kama hannuna biyu, ta juya wajen ƙawayenta ta ce, "Ku ga ƙanin amaryata." Ta ciro lemo daga jakarta ta danƙa mini. Ta ce, "Gidansu sun iya tarbiyya. Yarinyar nan daga aiki sai gida, ba ta san hanyar yawo ba."

Da zagina ta yi da na wuce. Yabonki ne na kasa jurewa. Na ji bakina yana cewa, "To Mama ki tanadi ido. Wata mai zuwa za ki gan ta a talabijin cikin wando mai kama jiki, kwana da kwanaki a daji ita da ƙarti uku, bargo ɗaya."

Maganar bargon ƙarya ce. Kowa da nasa yake tafiya, ni na karanta jerin kayan. Na ƙara ta ne don na ga jimlar ba ta cika ba in babu ita. Irin mutumin da kike da shi a matsayin ƙane kenan: ya sayar da yayarsa don magana ta yi armashi.

Mama ta sake mini hannu a hankali. Ta juya ta fuskanci gaban layi. Na tafi da lemon, don ban san yadda ake mayar da shi ba.

Da na kai wa Mlamli saƙonki na zaci zai mare ni, har na gyara tsayuwa. Ya dube ni kawai ya ce, "Ka zaci in ta fita kai za ka koma?" Ya ɗago yatsu huɗu ya naɗe ɗaya. "Maza huɗu ba ƙungiya ba ce, kai ka karanta mana." Rantsuwa nake miki, Yaya, ban yi wannan lissafin ba. Ban yi kowane lissafi ba.

Sun nemi wata. 'Yar malamin firamare tana gudu amma ba ta iya ruwa ba. Baturiyar Durban ta riga ta shiga wata ƙungiya. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ta ce to, da ta ji abin da ya same ki sai ta ce tana da suruka ita ma. Zolisa ya daina kiran sunana, Rediyo yake ce mini. In na shigo rumfa sai ya ce, "Ku yi shiru, an kunna." Dumile ne kaɗai yake amsa gaisuwata, kuma da ya daina da ya fi mini sauƙi.

A littattafan da nake karantawa kullum akwai irin wannan mutumin, ƙaramin mai hassada da ke kai tsegumi. Nakan tsallake shafukansa don haushi.

Na je wajen Baffa Sidima na gaya masa komai. Ya zage ni daga ƙofar gida har garke, sannan ya ce in shirya, ran Lahadi za mu zo gidanku neman afuwa yadda ake yi. Ba na cewa ki yafe. Kada dai ki ji mamaki in kin gan mu.

Ƙaninki,
Mvuzo.

*

Port St Johns,
Ranar Talata.

Yaya Khanyiswa,

Gaisuwa da ban girma. Ina fatan kun tashi lafiya, ke da Mama da duk gidan.

Kina kawo shayi aka mayar da ke ɗaki, don haka ban san abin da aka gaya miki ba. Gara ki ji daga wurina kafin labari ya sauya kaya a hanya.

Da farko, na gan ki. Kin durƙusa da tire, ɗankwali har gira, tawul a ƙugu, ba ki dubi kowa ba. Hannun da ya fitar da ni daga Mzimvubu lokacin ambaliya shi ne yake zuba mini sukari. Shayin nan ban san ta inda ya wuce ba.

Akuyar da muka jawo don neman afuwa ta Baffa ce, kuma tun daga gida yake tuna mini. "Wannan ita ce mai haihuwar tagwaye, ɗan banza. Bakinka ya cinye mini akuya ba tare da ya tauna ba." Muka zauna a filin gaban garke, Baffa da ƙanin marigayi surukinki suka yi ta jera kirarin dangi, aka ajiye kwalbar barandi. Sai aka ce in tashi in maimaita abin da na faɗa, kalma da kalma, a gaban dattawa. Na maimaita. Sai na kai kan maganar bargo. Na ce wannan ƙarya ce, ni na ƙirƙira.

Mama ta ce, "Na sani. Na san yarinyar da ke gidana."

Ta ce ba wando ne ya dame ta ba, tana ganin 'yan mata da shi a gari kuma sama ba ta faɗo ba. Ta ce ita ma da ƙuruciya ta taɓa takawa har garin Lusikisiki ta dawo da buhu a ka, ta san daɗin ƙafa. Abin da ya ƙona ta shi ne a ce maganar gidanta ta same ta a layi, tana tsaka da yabo.

Baffa ya ce, "To Mama, a taimaka a bar yarinya ta tafi. Mutum uku suna can sun rataye a kanta."

Ta daɗe tana kallon akuyar. Ta ce, "Matan coci sun ji da kunnensu, ba zan iya bin su gida-gida ina goge musu ba. Amma ba wanda zai ce komai in mace ta yi tafiya da namijin gidan ubanta a gefenta. In za ta je, da ɗan'uwanta za ta je. Ba a mota yana bin su da ruwa ba. A ciki, ƙafa da ƙafa." Ta nuna ni da haɓa. "Ga shi nan, mai bakin. Shi ya ɓata sunanta, shi zai tsare shi."

Na miƙe ba tare da an ba ni izini ba. Na ce, "Mama, huɗu ake so. Sun cika."

Ta ce, "Da suka cire ka huɗun ne ai. Su cire wani."

Baffa ya ja ni ƙasa ta bel, yana cewa an gode, an gode. A hanya har murna yake: "Ka ga, ka fito da riba." Na bar shi yana murnarsa, na yi gaba.

Jiya na kai maganar rumfa. Aka fara lissafin wanda za a cire. Mlamli ba ya ciruwa, shi ke karanta taswira. Zolisa ba ya ciruwa, shi kaɗai zai iya ɗinke sarƙar keke a tsakiyar daji. Kowa ya san wanda ya rage, kowa yana kallon kogi.

Dumile ya ce, "Ni ƙafa ce kawai, shi ma ƙafa ce. A canza."

Na ce, "Ba na so."

Ya ce, "Ba kai na yi wa ba."

Ya tashi ya jawo keken da yake hawa tun bara waccan, ya ɗauko sifana ya fara kwance sirdi. Ya ce, "Tsaya nan in gwada, ka fi ni tsawon ƙafa." Na ce ya zage ni, ko ya doke ni, ko ya tofa mini yawu. Ya ce, "Ɗaga hannunka in ga ƙugunka." Ya daidaita sirdin, ya ɗaure, ya rataye hularsa ta kwano a hannun keken, ya ce zai je ya ba awakin uwarsa ruwa. Uwarsa ta sayar da awakinta tun damina.

Zolisa ya ce, "Rediyo ya ci gasa tun ba a fara ba."

Yaya, ba zan iya ba. Na yi abin da ya fi komai muni a rayuwata, sai aka ɗauko abin da nake so aka miƙa mini a tire. Duk wanda ya gan ni a layin tashi zai ce dama shirina kenan, kuma ba ni da abin da zan ce masa. Yaya zan hau sirdin Dumile? Yaya zan yi tafiya a gefenki a matsayin mai tsaron mutuncinki, ni? Na gaya wa Mlamli na janye. Ya ce ranar Juma'a ake rufe rajista, kuma ba zai rubuta komai ba sai ya ji daga gare ki.

Ki roƙi Mama ta karɓi wani cikin 'ya'yan Baffa. Na san ba su taɓa hawa kwale-kwale ba, na san shirme nake faɗa. Amma kada ki ce in zo.

Ki gaishe da Mama, in za ta karɓa.

Ƙaninki,
Mvuzo.

*

Mtambalala,
Ranar Alhamis.

Mvuzo,

Ina gaishe ka. Mama ta amsa gaisuwarka, ta ce akuyar tana cin abinci.

Sau biyu kenan kana yanke hukunci a kan tafiyata don ranka ya yi sanyi. Na farko fushi ne, yanzu kunya. Duka biyun ni ce nake zama a gida.

Dumile ya biya, ba za ka zubar masa da shi ba. Kunyar taka ce, ba wanda zai karɓe maka. Ka ɗauko ta ka zo da ita, mutane su kalle ka, ba za ka mutu ba.

Na aika wa Mlamli ya rubuta sunaye huɗu. An buɗe rumbu. Ran Asabar da sassafe ka same ni a gadar Mzimvubu da keken, akwai horo da yawa da na rasa.

Maganar yafiya, ban kai can ba tukuna. Kada ka tambaye ni a hanya.

Yayarka,
Khanyiswa.